Ku Tambayi Likita: Man Shafawa, Filastar Magani da Jinyar Rauni

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan fata suka tsaya: abin da ake shafa mata, abin da ake manna mata, da yadda za a yi da ita idan ta yanke ko ta ƙone. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Makero ne ya fito mini a cinya, aka ba ni wani kirim da aka ce yana maganin ƙaiƙayi da ƙuraje da komai. In na shafa sai ya lafa, da na bari sai ya dawo ya fi da faɗi. Wata huɗu ke nan. Yanzu ma wasu layuka sun fito a wurin kamar nankarwa. Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ɗauko kwalin ki duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban sunan. Da wuya ki rasa betamethasone ko clobetasol ko dexamethasone, galibi a haɗe da clotrimazole da neomycin ko gentamicin. Ukun farko sitiroyid ne, aikinsu danne garkuwar fata don kumburi da ƙaiƙayi su kwanta. Shi kuwa makero ƙwayar cuta ce dangin funfuna, kuma garkuwar da ake dannewa ita ce ke tare masa hanya. Kin ga ke nan an kashe ƙararrawa an bar ɓarawo a cikin gida. Har kamanninsa yakan sauya, zoben da ke gefensa ya baje, ya zama wani shafi mara iyaka da zai iya rikita likita ma.

Ki daina shafa shi. Cikin mako ɗaya zuwa biyu wurin zai yi kamar ya fi da tashi, da zafi da ƙaiƙayi. Fatar ce ke neman abin da ta saba da shi, kada wannan ya mayar da ke. Amma in kin daɗe kina shafe babban sashe na jiki da shi, to likita ne zai janye miki shi a hankali, domin wanda ya ratsa cikin jini yana iya sa jiki ya rage samar da nasa sinadarin kotisol, kuma yanke shi farat ɗaya yana da haɗari. Maganin makero tsantsa shi ne kirim ɗin terbinafine 1% sau biyu a rana tsawon mako biyu, ko clotrimazole 1% sau biyu zuwa uku a rana tsawon mako huɗu. Ki wuce gefen tabon da kamar santimita 2, don ƙwayar tana gaba da inda ido ke gani, kuma ki ƙara mako guda bayan wurin ya washe. Irin naki da ya yi wata huɗu yana faɗaɗa, mai yiwuwa sai an haɗa da na sha. Makeron kai da na farce kam dama shafawa ba ta isa gare su, don ƙwayar tana cikin gashi da ƙarƙashin farce.

Layukan nan nankarwa ce ta gaske, alamar fatar ta sirance. Za su dusashe da lokaci, amma ba sa gogewa gaba ɗaya.

Wannan bai sa sitiroyid ya zama abin gudu ba. Ga mai kircin fata da makamantansa babu kamarsa, in an san ƙarfi da wuri da adadi. Hydrocortisone 1% shi ne mai sauƙi, betamethasone valerate 0.1% mai ƙarfi ne, clobetasol 0.05% kuwa shi ne ƙarshe, ba a wuce giram 50 a mako, kuma ba a zarce 'yan makonni ba tare da likita ya sake dubawa ba. Wuri ma ba ɗaya ba ne: wani tsohon gwaji na 1967 da aka yi da hydrocortisone ya nuna goshi yana shan magani kusan ninki 6 na abin da fatar hannu tsakanin gwiwa da wuyan hannu ke sha, fatar maraina ninki 42, tafin ƙafa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Shi ya sa fuska da hammata da matse-matsi mai sauƙi kaɗai ake sa musu, na ɗan lokaci. Ƙarƙashin kunzugun jariri kuma a yi hattara sosai, don rufewa da damshi suna ninka shigar magani.

Adadi kuwa da yatsa ake auna shi. A matso kirim a kan manuniya daga ƙarshenta zuwa gaɓar farko: wannan kimanin rabin giram ne, kuma ya isa ya shafe wurin da ya kai faɗin tafin hannun babba biyu har da yatsu. Fuska da wuya suna cin irin wannan awon yatsa biyu da rabi, ƙafa ɗaya daga cinya zuwa idon sawu shida. Mai laftawa yana cutar da fata, mai ɗan dangwalawa don tsoro kuma ciwonsa ba ya warkewa, sai ya shekara yana shafawa.

TAMBAYA: Likita, mahaifinmu yana fama da ciwon daji, an rubuta masa wata filastar kashe zafin ciwo mai suna fentanyl da ake manna masa a ƙirji duk kwana uku. Ranar farko ba ta yi masa komai ba, har muka so mu ƙara ta biyu. Wai ta yaya magani zai ratsa fata? Kuma za a iya raba ta biyu in ta yi masa ƙarfi?

AMSA: Allah Ya ba Baba lafiya. Kun yi dace da ba ku ƙara ba, don da abin ya iya zama ajali.

Saman fata akwai wani siririn ɓawo na matattun ƙwayoyin halitta, kaurinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ba. Tsarinsa kamar ginin bulo ne, ƙwayoyin su ne bulon, kitse kuma shi ne simintin da ke tsakaninsu. Ta cikin wannan kitsen magani ke silalewa, don haka sai wanda ƙwayarsa ƙarama ce, yake narkewa a mai, kuma ɗan kaɗan ɗinsa yake aiki. Magunguna ƙalilan ne suka cika waɗannan sharuɗɗa. Na farko da aka amince da shi a Amurka a 1979 shi ne scopolamine na hana amai a tafiya, daga baya aka samu na ciwon ƙirji, na nikotin ga masu barin taba, na tsarin iyali, da wannan na fentanyl.

Idan aka manna filastar, maganin sai ya fara taruwa a cikin fata tukuna kafin ya riƙa tsiyaya cikin jini. Wannan yana ɗaukar awa 12 zuwa 24, shi ya sa ake ba mara lafiya wani maganin zafi na sha ya riƙe shi a ranar farko. Haka kuma in an cire ta, tarin da ke cikin fatar yana ci gaba da aiki. Sai an yi kusan awa 17 ko fiye kafin rabin abin da ke jini ya fita. Wanda ta yi wa yawa ba a cewa an tsira don an ɓare ta, sai an sa masa ido kwana guda a asibiti.

Ba a yanka ta. Wasu irin suna da 'yar jaka ta magani a ciki, da an yanka sai maganin kwana uku ya kwarara lokaci ɗaya. In ta yi ƙarfi, likita zai sauya zuwa mai ƙaramin awo, an rubuta shi a jiki da maikirogiram a kowace awa: 12, 25, 50, 75, 100.

Babban maƙiyinta zafi ne. Zafi yana buɗe jijiyoyin jinin fata, maganin ya riƙa shiga fiye da ƙima. Kada a ɗora masa robar ruwan zafi a wurin, kada a gasa masa jiki, kada ya daɗe cikin ruwan wanka mai zafi ko cikin rana. Zazzaɓi mai tsanani ma yana yin haka, a sanar da likita. Alamun ta yi yawa su ne barci mai nauyi da ba a iya tashinsa, numfashi a hankali ko sama-sama, da ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Da an ga haka a cire ta a garzaya asibiti.

Wajen mannawa a zaɓi fata lafiyayya, busasshiya, a ƙirji ko baya ko damtse. A wanke da ruwa zalla, ban da sabulu da mai da sifirit. In akwai gashi a rage da almakashi, don reza tana kankare ɓawon nan da muka faɗa. A danna da tafin hannu daƙiƙa 30, a rubuta rana da lokaci. A cire tsohuwa kafin a sa sabuwa, kuma a sauya wuri. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai jinyar safe ya manna a ƙirji, na dare bai gani ba ya manna wata a baya. Tsohuwar da aka cire har yanzu da sauran magani mai yawa a jikinta. A ninke ta gam ya haɗu da gam, a mayar wa kantin magani ko asibiti. An sha samun yaran da suka rasu saboda sun tsinci irinta sun sa a baki ko ta manne musu a jiki.

TAMBAYA: In har magani yana ratsa fata, me ya hana a yi wa masu ciwon suga filastar insulin su huta da allura? Kuma man ciwon gwiwa da ake shafawa, da gaske yana kaiwa ciki ko ɗumin ne kawai?

AMSA: Girma ne ya hana. Abin da ke ratsa lafiyayyar fata da kansa galibi bai wuce nauyin dalton 500 ba a ma'aunin ƙwayar sinadari. Insulin kuwa ya kusa 5,800. Ana ta bincike a kan filasta mai ƙananan allurai, amma a yanzu allurar ce abin dogaro.

Man gaɓɓai iri biyu ne. Jel ɗin diclofenac ko ibuprofen yana kaiwa ga gaɓar da ke kusa da fata, irin gwiwa da yatsu, kuma abin da ke shiga jini kaɗan ne, kamar kashi 6 cikin 100 na abin da ƙwayar sha za ta kai, don haka ya fi sauƙi ga ciki da ƙoda. Ƙugu da ƙashin baya sun yi masa nisa. Masu ɗumi ko sanyi kuwa, na mentol da methyl salicylate, ɗauke hankalin jijiya suke yi daga zogin. Kada a shafa su a ɗaure tam ko a gasa wurin, suna ƙona fata, kuma mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ya nisanci methyl salicylate.

TAMBAYA: Malam Likita, yarona ya faɗi a keke ya ƙuje gwiwa. Na wanke da sifirit, na zuba wannan ruwan mai kumfa, na bar shi a buɗe ya sha iska. Ya yi ɓawo, amma kullum sai ɓawon ya tsage ya yi jini. Maƙwabciyata ta ce in fasa kafso in barbaɗa. Daga wata uwa.

AMSA: Uwar yara, kin yi abin da yawancin mutane ke yi, sai dai shi ne ke jinkirta warkewar. Sifirit da ruwa mai kumfa, wato haidirojin farokzayid, suna kashe ƙwayoyin cuta, amma suna haɗawa da sababbin ƙwayoyin fatar da suka zo gyara. Wurin sifirit shi ne lafiyayyar fata kafin allura, ba cikin rauni ba.

Batun shan iska kuwa tun 1962 aka warware shi. Wani masani ɗan Birtaniya, George Winter, ya yi gwaji a fatar aladu, ya rufe wasu raunuka da leda ya bar wasu a buɗe. Waɗanda aka rufe sun yi sabuwar fata cikin kusan rabin lokacin da na buɗe suka ɗauka. Dalili shi ne sababbin ƙwayoyin fata rarrafe suke yi daga gefen rauni zuwa tsakiya, kuma a kan damshi suke tafiya. In ɓawo ya bushe sai sun yi haƙa ta ƙarƙashinsa. A gwiwa kuma kowane lanƙwasawa yana tsaga ɓawon, aiki ya koma baya.

Ga yadda ake yi da sabon rauni. A wanke hannu. In yana jini a danne da tsumma mai tsabta minti 10 cur, ban da ɗagawa ana leƙe. A kwarara masa ruwan da ya isa a sha, da yawa, har ƙasa da tsakuwa su fita. Sabulu a gefe kawai. Wanda ke son ruwan gishiri ya sa giram 9, kamar ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. Dattin da aka bari a ƙujewa yana zama baƙin tabo na dindindin, don haka wankin nan shi ne rabin aikin. Sai a shafa Vaseline tsantsa siriri, a rufe da filasta ko gozin da ba ya mannewa, a sauya kullum ko in ya jiƙe. Auduga kada ta taɓa bakin rauni, zarenta yana maƙalewa. In bandeji ya kafe, a jiƙa shi da ruwan gishiri ya saki da kansa. Fizgewa tana tafiya da naman da aka kwana uku ana ginawa. Na yaronki ma haka za ki yi, ɓawon zai yi laushi ya faɗi da kansa.

Kafso dai a bar shi inda yake. Garinsa ba a yi shi don rauni ba, yana dunƙulewa, yana jawo borin fata, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Man da ke da neomycin ma yakan sa ja da ƙaiƙayi har a zaci raunin ne ya ruɓe, a ƙara laftawa.

A san bambancin rauni mai warkewa da mai ruruwa. Jan nama mai ɗan gudaji-gudaji da ɗan ruwa garai-garai alheri ne. Abin tsoro shi ne zogin da ke ƙaruwa bayan kwana biyu zuwa uku maimakon raguwa, kumburi mai tauri da zafi yana faɗaɗa, mugunya, wari, kaluluwa, ko zazzaɓi. A fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, hannu ya fi ido gani: a taɓa a gwada da ɗaya gwiwar. Raunin da ya wangale ana ganin kitse yana son ɗinki, kuma cikin awa 6 zuwa 8 ya fi. Huda ta ƙusa ko ƙaya ko rauni mai ƙasa yana son allurar tetanas in an wuce shekara 5 rabon da a yi, ko ba a san ko an taɓa yi ba. Tsatsa ba ita ce ke kawo cutar ba. Ƙwayar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana kuma son rami mai zurfi inda iska ba ta shiga. Cizon kare ko kyanwa kuwa hukuncinsa daban: wanki da sabulu da ruwa minti 15, sannan asibiti ranar don rigakafin haukan kare, komai ƙanƙantar cizon.

TAMBAYA: Ruwan zafi ya zube wa 'yata mai shekara uku a hannu. Wani ya ce ƙanƙara, wani ya ce man goge baki. Wanne ne daidai?

AMSA: Ko ɗaya. Ruwa mai sanyi na famfo, yana gudana a kan wurin minti 20 da agogo. Zafin da ya shiga nama yana ci gaba da dafa shi bayan an janye hannu, kuma ruwan yana da amfani ko da an kai awa uku da ƙunar. Ƙanƙara tana tsuke jijiyoyin jini ta ƙara zurfin ƙunar. Man goge baki da mai da shuɗin magani suna rufe launin wurin da likita zai duba ya gane zurfi, kuma sai an kankare su, yarinya na ihu.

A cire zobe da awarwaro da riga kafin kumburi, sai dai in tufa ta manne. Yaro ƙarami sanyi na saurin kama shi, a lulluɓe sauran jikinsa yayin da ake zuba ruwan. Bayan nan a shimfiɗa siririyar ledar rufe abinci a kai, shimfiɗawa ba naɗewa ba, ko tsumma mai tsabta mara gashi, a ba ta farasitamol daidai nauyinta. Kada a fasa bororo.

Tafin hannun mai ƙunar har da yatsu kimanin kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. Ƙunar da ta fi wannan faɗi, ko ta fuska, tafin hannu da yatsu, ƙafa, al'aura, kan gaɓa, ko wadda ta zagaye hannu, ta asibiti ce. Ga yarinya mai shekara uku kuwa duk wadda ta yi bororo a kai a duba. Wurin da ya yi fari ko ya yi tauri kamar ƙirgi kuma ba ya zafi shi ne mafi muni, jijiyoyin ne suka ƙone. Farin kirim ɗin nan na silver sulfadiazine ba na kowace ƙuna ba ne: yana jinkirta warkewar mara zurfi, kuma ba a sa wa jariri ɗan ƙasa da wata biyu, ko mai ciki da ta kusa haihuwa, ko wanda magungunan salfa ba sa karɓarsa. Ƙunar da ta kai mako biyu ba ta rufe ba a koma, mai yiwuwa tana son dashen fata.

TAMBAYA: Ina da ciwon suga shekara 11. Wani ɗan gyambo ya fito mini a tafin ƙafa ƙarƙashin babban yatsa, wata biyu ke nan. Ba ya mini zafi ko kaɗan, shi ya sa nake jiƙa shi a ruwan ɗumi ina sa aidin. Daga wani dattijo.

AMSA: Baba, rashin zafin nan shi ne abin da ya fi tayar mana da hankali. Suga ya taɓa jijiyoyin ƙafar ta yi dindiris, don haka kana taka raunin sau dubbai a rana ba ka sani ba. Babu man da zai warkar da gyambon da ake takawa. Ka je asibiti gobe, kada ka jira ranar ganin likitanka.

Abu huɗu za a yi. Za a duba bugun jini a bayan ƙafa da idon sawu, don in jini ba ya isa wurin sauran aikin banza ne. Za a fere kantar da ta zagaye bakin gyambon da mataccen nama, sau da yawa sai a tarar ramin ya fi yadda ake gani. Za a zura ɗan ƙarfe mai tsabta a ji ko ya taɓo ƙashi, in ya taɓo sai hoto da maganin ƙwayoyin cuta na makonni. Sannan a ɗauke nauyi daga wurin, da takalmi na musamman ko simintin ƙafa, wanda shi ne ya fi komai tasiri. A riƙa auna faɗinsa. Wanda bai ragu da rabi cikin mako huɗu ba sai an sake lale.

Ka daina jiƙawa, tana sa fatar gefe ta yi fari ta ruɓe, kuma ƙafar da ba ta ji tana iya ƙonewa a ruwan da kake zaton ɗumi ne. Filastar cire kantar ƙafa mai salicylic acid da reza duk haramun ne ga ƙafarka. Irin abin rufewa kuwa ruwan raunin ne ke zaɓa: mai zubar da ruwa sosai ana sa masa mai tsotsewa irin alginate da ake yi da ciyawar teku ko mai kama da soso, busasshe kuma a sa masa jel mai ba shi damshi. Wuri ɗaya ne ƙa'idar damshi ba ta aiki: yatsa ko diddigen da ya yi baƙi ya bushe ƙamas saboda rashin jini. Wannan a bar shi a bushe, kada a shafa masa komai sai likitan jijiyoyin jini ya gani. In ƙafar ta kumbura, ta yi zafi ko wari, ko suganka ya hau ya ƙi sauka ba dalili, wannan na daren nan ne, kada a kai safiya.